Bani Harisa da Tsohuwar Gardamar Birni da Ƙauye

Alhajin da ya bar Masallacin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya nufi arewa domin ziyarar shahidan Uhudu, in ya dace da direba mai son bayani, zai nuna masa wani ɗan masallaci a bakin hanya, ya ce masa wannan shi ne Masallacin Mustaraha, watau inda aka ruwaito cewa Manzon Allah ya yada zango ya huta a kan hanyarsa ta fita yaƙin Uhudu, cikin watan Shawwal na shekara ta 3 bayan hijira. Ɗaya sunan masallacin kuwa shi ne Masallacin Bani Harisa, kuma har yanzu akwai unguwa a Madina mai wannan suna, ga benaye jere, ga kantuna, ga motoci ba dare ba rana, ta yadda baƙo ba zai taɓa zaton cewa a zamanin Sahabbai wannan yanki ƙauye ne na manoma a gefen gari, mai gonakin dabino da rijiyoyi, wanda mutanensa sai sun yi tattaki kafin su riski salla a bayan Annabi.

Ya kamata mai karatu ya sani cewa Madinar da Manzon Allah ya tarar a shekarar 622 ba dunƙulalliyar alƙarya ba ce mai ganuwa da ƙofofi irin Kano ko Katsina. Tarin ƙauyuka ce a warwatse cikin dausayi, kowane dangi na Ausu da Hazraju da matsuguninsa da gonakinsa da dogon soron da yake fakewa a ciki ranar tashin hankali. Mutanen Ƙuba da na Awali suna kudu, Bani Salima suna yamma ta wajen dutsen Sal'u, su kuwa Bani Harisa, waɗanda reshe ne na Ausu, suna arewa maso gabas, dab da filin baƙaƙen duwatsun nan da ya yi wa garin iyaka. Saboda haka tun ranar da aka gina masallaci ya zama cibiya, sai tambayar da ke damun ɗan ƙauyen Hausa a yau ta taso musu: mutum ya zauna inda gonarsa da kabarin kakansa suke, ko kuwa ya tattara ya matsa kusa da inda ake raba ilmi da alheri?

Zaman gefe yana da nasa hasarar, kuma littattafan hadisi ba su ɓoye ta ba. Sa'ad da aka juya alƙibla daga Baitul Maƙadisi zuwa Ka'aba, wata goma sha shida ko sha bakwai bayan hijira, labarin bai isa ko'ina lokaci guda ba. Barra'u ɗan Azibu, wanda shi kansa ɗan Bani Harisa ne, ya ruwaito yadda wani mutum da ya yi salla tare da Annabi ya wuce ta wani masallaci, ya iske jama'a cikin ruku'u, ya shaida musu, suka juya a yadda suke. Malamai masu sharhi, irin su Ibnu Hajar, suka bayyana cewa masallacin Bani Harisa ne, a sallar la'asar, mutanen Ƙuba kuwa da suka fi nisa sai da asuba labarin ya riske su. Sayyidina Umar, Allah ya ƙara masa yarda, da yake yana da gida a Awali, sai ya yi wata dabara shi da wani maƙwabcinsa Ba'ansare: yau wannan ya gangara wurin Annabi ya dawo da abin da ya sauka na wahayi da sauran labari, gobe wancan ya je. Duk wanda ya taɓa zama a ƙauye kafin zuwan wayar hannu, yana jiran ranar kasuwa domin ya ji abin da duniya ke ciki daga bakin direban da ya fito daga birni, ya san wannan hali ba sai an yi masa tafsiri ba.

To, amma da Bani Salima suka ga filaye sun samu kusa da masallaci, suka yi niyyar tasowa gaba ɗayansu, Manzon Allah bai yarje musu ba. Ya umurce su da su lazimci gidajensu, ya kuma yi musu bushara da cewa ana rubuta musu ladan sawayen da suke takawa zuwa salla. Masu wa'azi sukan tsaya a kan ladan tafiya masallaci, kuma gaskiyarsu ne, amma akwai wani dalili na biyu wanda Anas ɗan Maliku ya ambata, wanda a ganina ya fi shafar masu mulki: Annabi ya ƙi a bar sasannin Madina tsirara, babu mai zama, babu mai tsaro. Watau maslahar birnin kanta ita ce ta buƙaci kada ƙauye ya watse. Su ma Bani Harisa sun sami nasu rabon na kwantar da hankali, domin Buhari ya kawo riwayar Abu Huraira cewa Annabi ya je musu, ya fara zaton matsuguninsu ya fita daga iyakar haramin Madina, sa'an nan ya waiwaya ya duba, ya tabbatar musu cewa suna ciki. Manoma ne na haƙiƙa, har ma daga cikinsu ne aka sami Rafi'u ɗan Hadiju, wanda malaman fiƙihu ke komawa ga riwayoyinsa in ana maganar hayar gona: yadda a da ake ba da ƙasa bisa sharaɗin cewa amfanin wani yanki na musamman na mai gona ne, sai wannan yanki ya yi kyau wancan ya lalace, ko akasin haka, har aka hana saboda gararin da ke ciki.

Bayan zamanin Annabi, da dukiyar futuhati ta kwararo Madina ta cika ta batse, sai aka ga ƙafa ta juya, manya suna neman fita. Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas ya gina gida a kwarin Aƙiƙu, a can ya rasu aka ɗauko shi a kafaɗa zuwa maƙabartar Baƙi'a. Urwatu ɗan Zubairu, ɗaya daga cikin fuƙaha'u bakwai na Madina, shi ma ya gina nasa a wannan kwari ya haƙa rijiyar da har yanzu ake kira da sunansa, da aka zarge shi da ƙaurace wa Masallacin Annabi kuwa, sai ya kafa hujja da shagala da yawan surutu da suka mamaye majalisu da kasuwanni. Abu Zarri ya ƙare rayuwarsa a Rabaza, can cikin sahara. A ɗaya hannun ga Imamu Malik, limamin mazhabarmu, wanda ya rasu a shekara ta 179 bayan hijira, ya ƙi barin Madina duk da tayin halifofin Abbasiyawa. Ba wanda ya isa ya ce ɗayansu ya fi wani taƙawa saboda inda ya zaɓa ya kwana, sai dai abin lura shi ne, masu yabon uzula da zaman kaɗaici irin su Urwatu mutane ne da suka riga suka ƙoshi da ilmin birni, suna kuma da abin hannun da za su gina gida da lambu. Haka nan a yau, mafi yawan masu waƙe daɗin ƙauye, da iskarsa da furarsa da nononsa, za ka tarar suna da gida a Nasarawa ko Abuja, ƙauyen kuwa sai da salla ko rasuwa.

Ibnu Haldun, wanda aka haifa a Tunis a 1332 ya rasu a Alƙahira a 1406, ya yi wa mas'alar dogon nazari a Muƙaddimarsa, wadda, abin sha'awa, ya rubuta ta a 1377 bayan ya gudu daga rigingimun fadoji ya fake a wani ƙauye mai ganuwa a ƙasar Aljeriya ta yau. Ra'ayinsa shi ne, mutanen karkara sun fi kusa da kirki, sun fi jarunta da riƙon zumunta, domin su ke tsare kansu da kansu, mutanen birni kuwa jin daɗi da dogaro ga ganuwa da dogarai sun sassauta musu jijiya. Amma duk da haka ya yarda cewa birni shi ne burin baƙauye, kuma ilmi da sana'o'i ba su bunƙasa sai inda jama'a ta taru. Shehu Usmanu, Allah ya ji ƙansa, ya yi shekaru yana karantarwa a Degel, nesa da fadar Gobir da ke Alƙalawa, har zuwa hijirar Gudu a 1804. Ɗansa Muhammadu Bello kuwa, da nauyin mulki ya hau kansa, sai ya bi hanyar da ta yi kama da abin da aka yi wa Bani Salima: ya kafa ribaɗoɗi a bakin iyaka, ya zaunar da makiyaya da manoma a cikinsu, ya nemi a sa musu limami da alƙali da malami da masu sana'a, shi da kansa ya tare a Wurno, inda ya rasu a 1837 aka kuma binne shi. Ya fahimci cewa ba a tsayar da mutum a gefen ƙasa da wa'azi kaɗai, sai an kai masa wani abu daga cikin abin da yake hange a birni.

Shi dai Bahaushe ya daɗe da samo wa kansa tsaka-tsaki, watau cin rani. Da an kammala kaka an cika rumbu, sai samari su ɗauki buhunsu su nufi Kano ko Kaduna ko Ikko, wasu har Kumasi, su yi ga-ruwa ko dako ko gadi ko yankan farce, da hadari ya fara haɗuwa kuwa su juyo gida da kuɗin taki da na aure. Birnin ma bai taɓa wadatuwa da kansa ba: masanin labarin ƙasa Michael Mortimore, wanda ya yi nazarin ƙauyukan kewayen Kano tun shekarun 1960, ya bayyana yadda jakuna ke shiga gari da itace da hatsi, su fito da taki zuwa gonaki. Abin da ɗan ƙauye ke nema a birni sananne ne, asibiti in haihuwa ta zo da gardama, makaranta mai malamai, kasuwar da ake ciniki kullum, da kuma wani abu da ba a cika faɗa ba, watau sakewa daga idon dangi, domin a ƙauye kowa ya san abin da ka ci jiya da bashin da ke kan mahaifinka. Abin da yake bari a baya kuwa ba ya gane ƙimarsa sai mai gida ya aiko karɓar kuɗin haya, ko ranar da ya kwanta ciwo a shagon da yake kwana, babu mai ce masa sannu.

Sai dai kuma sau da yawa ba mutum ne ke zaɓa ba, birni ne ke tasowa ya tarar da shi har ƙofar gida. Haka ya faru ga Bani Harisa. Jirgin ƙasan Hijaz ya iso Madina a 1908, daga baya aka rushe ganuwar da aka yi wa gari bayan zamanin Annabi, faɗaɗa masallaci da aka yi a zamanin Sarki Fahad, wanda aka kammala a 1994, ya haɗiye kusan dukan tsohon birnin, jama'a suka bazu waje, har mazauna Madina suka haura miliyan ɗaya, a cikinsu akwai jikokin mutanenmu da suka bi hanyar gabas a ƙafa, musamman bayan yaƙin Burmi na 1903. Sunayen dangogin Ansar, Bani Zafar da Bani Mu'awiya da Bani Harisa, suka koma sunayen unguwanni a jikin allunan titi, yawancin lambunan suka zama filayen gini, ruwan sha kuwa ana turo shi daga tekun Yanbu bayan an tace gishirinsa. Kwatankwacin wannan muna da shi a gida. Sa'ad da Baturiyar nan Polly Hill ta zauna a Dorayi a farkon shekarun 1970, ta rubuta littafinta da ya fito a 1977, a matsayin karkarar Kano ta yi nazarinta, gidaje a warwatse cikin gonaki. Yau Dorayi da Hotoro da Mariri da Sheka duk cikin gari suke, an yanka gonakin fuloti-fuloti da awon igiya, jikan manomin da ya sayar yana tuƙa adaidaita-sahu a kan ƙasar da kakansa ya shuka gero.

Akwai kuma wata ƙaurar da ta fi wannan ɗaci. A lokacin yaƙin Handaƙ, shekara ta 5 bayan hijira, wasu mutane sun nemi izinin komawa gida bisa hujjar cewa gidajensu a buɗe suke ga maƙiya, malaman tafsiri da dama suka ce daga Bani Harisa suke, Alƙur'ani kuwa a Suratul Ahzab ya bayyana cewa uzuri ne kawai na neman gudu. Amma mutanen ƙauyukan Zamfara da yammacin Katsina da gabashin Sakkwato, waɗanda 'yan bindiga suka hana noma, suka sa musu haraji, suka kwashe musu shanu da 'ya'ya, in suka ce gidajensu a buɗe suke ba su yi ƙarya ba. Dubbansu sun cika Gusau da Katsina, suna kwana a kangaye da makarantu, wasu tun 2019 sun tsallaka iyaka zuwa jihar Maraɗi, kamar yadda mutanen karkarar Barno suka cika Maiduguri kafin su. Babu wanda ya tambayi waɗannan bayin Allah ko sun fi son birni ko ƙauye, kuma da za a tambaye su, na tabbata mafi yawan dattawansu za su ce a mai da su gonakinsu kafin damina ta wuce. Sasannin ƙasa sun zama tsirara, abin nan da aka ƙi wa Madina, gonakin da ke ciyar da birane suna komawa daji, magidancin da ke auna kwanon masara da gero a kasuwar Dawanau kuwa yana biyan nasa kason na wannan hijira, ko da bai taɓa taka ƙasar Zamfara ba.