Biki Biyu Rana Guda

Ɗan ƙanwata yana koyarwa a wata lakwal cikin ƙauyukan Gazawa. Bayan an ɗaure damman gero bana ya samu hutun kwana biyu da 'yan jikkuna a aljihu, sai ya zo ya same ni gindin bedi bakin gudron, inda nake shan iska in rana ta yi sanyi. Ya durƙusa muka gaisa, sannan ya ce, "Kawu, so nake in ɗan fita in ga gari. Maraɗi zan nufa ko Damagaram?"

Wanda bai san Gazawa ba zai ɗauka tambayar wasa ce. Garin yana kan babbar hanyar da ta taso daga Yamai ta nufi Difa. In ka tsaya wannan gefen ka ɗaga hannu, mota za ta bi da kai ta Agye da Cadawa ta sauke ka Maraɗi, wajen kilomita 100. In ka tsallaka wancan gefen, ka bi ta Tasawa da Takeita sai Damagaram, tafiyar ta ɗara waccan da kaɗan. Faɗin kwalta ne kurum tsakanin shawarwarin biyu.

Ban ba shi amsa nan take ba, don gwaggona ce ta faɗo mini a rai, Allah ya jiƙan ta. In kaka ta yi, rumbuna suka cika, bukukuwa sukan yi yawa har a kawo mata goron biki biyu da suka faɗa rana guda. Ban taɓa jin ta tambayi inda za a yanka sa ba, ko inda makaɗa suka fi iya kiɗi. Abin da take dubawa ɗaya ne: a ina za a shimfiɗa mata tabarma, a ina kuma za a miƙo mata taɓarya. Bikin dangi na kusa, tun ba ki aje mayafi ba an nuna miki turmi. Ki yi surfe, ki yi daka, ki tuƙa tuwo, ki raba wa baƙi, ki wanke tukwane, dare ya yi ki dawo gida ko fuskar amarya ba ki gani ba. Bikin ƙawa a wani gari kuwa ke baƙuwa ce. A tarbe ki da ruwa da fura, ki zauna ki kalli jere, ki ji guɗa, ki dawo da labarin da za ki yi mako kina bayarwa. Gwaggo ba ta taɓa ƙin zuwa na dangi ba, zumunci ai a ƙafa yake. Amma in ta dawo daga can, cewa take ta je aiki.

To, Maraɗi ga mutumin Gazawa ko Agye bikin dangi ce. Ka kuskura ka faɗa a majalisa cewa gobe za ka Maraɗi, kafin sallar isha'i aike ya fi jakarka nauyi. Wannan ya ce ka sayo masa ƙarfen injin niƙa, wancan ya ce ka miƙa wa ɗansa da ke jami'ar Dan Dicko Dankoulodo garin kunu, wata ta ɗauro maka tiya biyu ta aya ka kai wa 'yarta, ga kuma mara lafiya a asibiti wanda in ba ka leƙa shi ba za a daɗe ana yi da kai. Ka sauka tasha, ka hau kabu-kabu daga wannan unguwa zuwa waccan, kwana biyun su ƙare kana lissafin canjin mutane.

Kada wani ya ce na raina Maraɗi. Gari ne mai tarihi, sai dai tarihinsa ba ya tsaye a bango inda baƙo zai gan shi. Sarakunan Katsina da jihadi ya kora ne suka kafa mulki a nan wajen 1819, ƙarƙashin Ɗan Kasawa, suka shafe shekaru suna gwabzawa da masu tutar Sakkwato. Tsohon garin a cikin kwarin Gulbi yake. Ambaliyar 1945 ta cinye shi, aka hau tudu aka yanka sababbin unguwanni da tituna miƙaƙƙu. Shi ya sa abin kallon Maraɗi mutanenta ne da kasuwarta: alhazan da gyaɗa ta fara ɗagawa kafin cinikin iyaka ya ƙarasa su, manyan motocin da ke bin hanyar Ɗan Isa zuwa Jibiya da Katsina, jar akuyar da fatarta ta kai sunan garin har Turai. Mai son sayayya, ko mai neman ya ga yadda kuɗi ke juyawa, ba shi da abin nema a gabas.

Amma yaron nan ba sayayya ta fito da shi ba, kuma jikkunan nasa ba za su sayi abin kirki ba ko da ya so. Ido yake so ya ba abinci. Damagaram kuwa ta ajiye kayanta a fili. Ka shiga unguwar Birni da ƙafa, lunguna na murɗewa tsakanin manyan duwatsu, gidajen ƙasa da zane a fuskar zaurukansu, har ka ɓullo ƙofar fadar Sarkin Damagaram ka ga dogarai da jajayen kaya. A nan Sarki Tanimun ya yi mulki har 1884, ya faɗaɗa ganuwa, ya sa maƙera suka ƙera masa igwa. A nan aka kashe wani hafsan Faransa mai suna Cazemajou a 1898, shekara ta zagayo Faransawa suka ci garin, daga baya suka mai da shi babban birnin ƙasar har 1926 da aka koma Yamai. Malamin lakwal yana karanta wa yara waɗannan shekarun daga littafi kowace shekara, bai taɓa taka wurin ba. Ga unguwar Zango inda ayarin raƙuma ke sauka a da, ga dukawa da aikin fata, ga alkaki. Kuma babu wanda ya san shi can balle ya aike shi.

Damagaram tana da nata aibin. Ƙarancin ruwa tsohon ciwonta ne, wanda ya je da bazara zai ji a jikinsa. Bayan kaka, da sanyi ya fara shigowa, shi ne lokacinta.

Da na gama wannan bayani sai ya yi murmushi ya ce, "Kawu, to me zai hana in kwana ɗaya nan, ɗaya can?" Na san za a zo nan. Akwai wata maƙwabciyar gwaggo da ba ta iya barin biki ya wuce ta. Ta yi sammako ta leƙa na farko ana hura wuta, ta ce bari ta je ta dawo, ta isa na biyu an riga an kai amarya, ta juyo na farko ta tarar ana kankare ƙanzo. Gidajen biyu kuma kowanne ya riƙe ta da cewa ba ta zauna ba. Tsakanin Maraɗi da Damagaram kusan kilomita 240 ne. Ka haɗa da jiran mota ta cika a tasha, da tsayawa shingen jandarma, da saukar wannan da hawan wancan, za ka ga hutun a kujerar mota ya ƙare. Taura biyu ba ta taunuwa.

Ashe ba mu kaɗai ke wannan ruɗu ba. Wani ɗan kasuwa da ke zuwa Bankok sarin kaya ya ba ni labarin cewa a arewacin Tailan akwai garuruwa biyu, Ciyang Mai da Ciyang Rai, da masu yawon buɗe ido ke rasa wanda za su zaɓa in kwanakinsu kaɗan ne. Sarki ɗaya ne ma ya kafa su, Mangrai, ɗaya a 1262, ɗayan a 1296, tafiyar awa uku da 'yan kai a mota tsakaninsu. Ciyang Mai babba ne mai kasuwanni da hayaniya, Ciyang Rai ƙarami mai natsuwa. Ya ce da yawa sukan kwana a babban, su yi sammako su je ƙaramin su ɗauki hoto gaban wani farin ɗakin ibada, su juyo a ranar. Na ce masa maƙwabciyar gwaggo tana da 'yan'uwa har can.

Lissafin nan fa na mutumin Gazawa ne. Ɗan Gidan Rumji da ya tambaye ni ba zan tura shi Damagaram a kwana biyu ba, ta yi masa nisa, sai ya ratsa Maraɗin ma kafin ya kama hanya. Shi tabarmarsa tana kusa. Tsibiri na cikin yankinsu, inda Gobirawa suka sake kafa gadon sarautarsu bayan yaƙin Gawakuke na 1836, fadar Sarkin Gobir na nan. Washegari ya gangara Madarumfa ya ga tafki da kaburburan da mutanen wurin ke cewa na waliyyai 99 ne. Kilishi kuwa ba sai ya saya a hanya ba, daga gida zai ɗauko, don nasu ne ake yi wa layi. Mu ma da muke raina namu, wani Bajamushe mai suna Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya taso tun daga Turai ya yada zango a Tasawa da Gazawa cikin watan Janairun 1851 a hanyarsa ta zuwa Katsina, ya ga abin rubutawa ya rubuta.

Na ce wa yaron ya tsallaka titi, kuma kada ya faɗa wa kowa sai ya dawo. Ran Asabar da asuba ya hau motar gabas. Ya dawo Lahadi bayan magariba da ƙura har gira, ya kawo mini alkaki a leda da 'yar jakar fata ta sa carbi. Ya ce yini guda ya yi a Birni bai gama ba, Zango kuwa wucewa kurum ya yi ta cikinta. Ƙarfen injin niƙan maƙwabcinsa har yanzu yana Maraɗi.