Ƙaramin kafasita da ke kashe sautin tsofaffin na'urorin gem

Kafin gem ya shigo cikin waya, matasa a Japan da Amurka shago suke zuwa, su jefa kwabo a wata na'ura mai tsayin mutum su buga wasa. Cikin waɗanda suka yi tashe akwai X-Men, wanda kamfanin Konami na Japan ya fitar a 1992, har akwai samfurinsa da mutum shida ke bugawa lokaci guda. Yau masu adana irin waɗannan na'urori suna fama da matsala ɗaya: hoto na fitowa tas, amma sauti sai ƙarar shuu, ko ya yi ƙasa, ko ya ɗauke baki ɗaya.

Sau da yawa laifin na kafasita ne, wani ɗan ƙaramin abu mai kamar gwangwani da ke tara wuta yana sakinta don tace ta. Irin wanda ke sashen sauti yana da ruwan sinadari a ciki, kuma roba ce ke toshe bakinsa. Shekaru da zafi kan lalata robar, sai ruwan ya bushe ko ya zubo.

A X-Men, Konami ta tattara kayan sauti kan wani ɗan allo mai baƙin fenti, mai lamba 054544. Wasanni irin su Lethal Enforcers suna da makamancinsa, 054986A. Idan ruwan ya zubo a kansa, cin siraran layukan wutar da ke ƙasa yake yi a hankali. Masu gyara kan gane hakan ne da warin kifi da ke tashi idan zafin dalma ya taɓa wurin.

Gyaran na son haƙuri. Ana cire tsofaffin kafasitocin duka, ba wanda ya mutu kaɗai ba, tunda sa'annin juna ne. Ba a fizgarsu, don kada wurin zamansu ya ɓalle. Sai a goge allon da sifirit, a bi kowane layi da mita, inda ya yanke a haɗa da siririyar waya. Sabon kafasita dole ƙarfin ajiyarsa ya yi daidai da na tsohon, adadin bolt ɗinsa kuma kada ya gaza. Yana da ƙafar fulos da ta mainos. Idan aka juya su, zai iya kumbura ko ya fashe.

A kula: tsohon allon hoto na waɗannan na'urori yana riƙe wuta mai haɗari ko bayan an kashe shi, don haka ba wurin koyo ba ne.

Kafasita ba ya da tsada, amma allon Konami an daina ƙera shi. Wanda ya canza su da wuri ya tsira da na'urarsa. Wanda ya jira sai sauti ya ɗauke, ƙila ya tarar ruwan ya riga ya cinye layukan.