YADDA AKE ZAƁEN BATIR DA HAƊA SHI A MANYAN MOTOCI

Gabatarwa

A yankunanmu na karkara babbar mota ita ce ke kai taki gona, ita ke fito da hatsi da tumatir da albasa zuwa kasuwa, ita ce kuma ke kai ruwa ƙauyukan da rijiyoyinsu ke ƙafewa da bazara. Duk ranar da irin wannan mota ta ƙi tashi, asarar ba ta tsayawa kan mai ita kaɗai. Manomin da ya yi lodin ɗanyen kaya da asuba da garin da ke jiran tankar ruwa duk abin ya shafe su. Sau da yawa kuma idan aka bincika sai a tarar injin lafiya lau yake, matsalar ta batir ce.

Mun shirya wannan bayani ne domin masu motoci da direbobi da ƙungiyoyin manoma, da kuma jami'an sashen ayyuka na ƙananan hukumomi masu kula da tifa da tanka da tarakta. Abu guda da muke son mai karatu ya riƙe shi ne, baturan babbar mota tagwaye ne. Tare ake sayen su, tare ake haɗa su, tare kuma ake sauke su. Wanda ya raba su don tsimin kuɗi yakan biya sau biyu.

Abin da ke cikin batir

Batirin mota na dalma ne da ruwan asid, irin wanda wani Bafaranshe mai suna Gaston Planté ya ƙirƙiro a shekarar 1859. A cikinsa akwai ɗakuna 6, kowanne yana ba da kusan bolt 2.1. Bolt shi ne ma'aunin ƙarfin turin lantarki, wanda ake rubutawa da harafin V. Don haka batirin da ake kira mai bolt 12, in ya cika da caji ya kuma huta, mita takan nuna kusan 12.6. In ta nuna 12.4 an ci kusan rubu'in cajinsa, in kuwa 12.2 ce saura rabi.

Batir yana da kawuna biyu. Ɗaya yana da alamar tarawa (+), ya kuma ɗan fi kauri, wayarsa galibi ja ce. Ɗayan yana da alamar ɗebewa (−), shi ne ake haɗawa da ƙarfen jikin mota. A wannan bayani za mu riƙa kiran su kan tarawa da kan ɗebewa.

Babban aikin batir shi ne juya sitata na 'yan daƙiƙoƙi har injin ya kama. Daga nan altaneta, wato na'urar caji, ita ke ɗaukar nauyin fitilu da sauran kayan wuta, tana kuma mayar wa batir abin da ya kashe.

A fara sanin wutar motar

Kafin a je kasuwa dole a san ko motar mai bolt 12 ce ko mai 24. Manyan motocin da ake ƙerawa a Turai, irin su Mercedes-Benz da MAN da DAF da Iveco, da na ƙasar Sin irin su Howo, akasari masu bolt 24 ne, kuma suna ɗaukar batura biyu. Na Amurka, kamar Mack, akasari masu bolt 12 ne, ko da yake sukan ɗauki batura 3 ko 4. Ƙananan motocin ɗaukar kaya irin su Hilux, da yawancin taraktocin noma, masu bolt 12 ne.

Wannan ya nuna yawan batura ba shi ne ke bayyana wutar mota ba. Hanyar da ba ta ruɗi ita ce a duba rubutun da ke jikin sitata ko altaneta ko ƙwan fitila, za a ga 12V ko 24V. Wannan binciken ya fi zama wajibi ga tsofaffin motocin da aka sha yi wa sauyin inji.

Lambobin da ake dubawa wajen saye

Na farko, lambar da ke ƙarewa da Ah. Ita ke nuna yawan wutar da batir ke iya ajiyewa. Batir mai 150Ah yana iya ba da amfiya 7.5 har tsawon awa 20. A kasuwanninmu an fi sanin baturan manyan motoci da N100 da N120 da N150 da N200, kuma lambar tana daidai da Ah ɗinsu ko kusa da haka. A sayi girman da kamfanin motar ya tsara. Ƙaramin batir a babban inji yana wahala, ya kuma mutu da wuri.

Na biyu, lambar CCA. Ita ke nuna ƙarfin da batir ke iya fitarwa lokaci guda don tayar da inji, ana kuma auna ta a sanyin digiri 18 ƙasa da sifili na daƙiƙa 30. Ba mu da irin wannan sanyi, amma injin dizal yana da nauyin juyawa, musamman da sanyin safiya a lokacin hunturu. In batura biyu sun yi daidai a Ah, mai CCA mafi yawa ya fi.

Na uku, ranar ƙira. Batir yana tsufa ko da a kan kanta yake. Wanda aka zuba wa ruwa ya kuma wuce wata 6 a shago, a ƙyale shi. A sa mai shago ya auna shi da mita a gaban mai saye, a karɓi rasit da takardar garanti. A kula da baturan da aka wanke aka liƙa wa sabuwar takarda, alamarsu ita ce kawuna masu karce ko jiki mai kumburi.

Na huɗu, girman jiki da gefen da kawunan suke, domin batir ya zauna daram a akwatinsa, wayoyi kuma su kai ba tare da an ja su ba.

Har ila yau, batirin sola ko na inbata daban yake da na mota. An yi shi don ba da wuta kaɗan-kaɗan na tsawon lokaci, ba don tayar da inji ba. Kowanne a bar shi a aikinsa.

Haɗin jeri, na mota mai bolt 24

A wannan haɗi ana ɗaukar gajeriyar waya mai kauri a haɗa kan ɗebewa na batir na farko da kan tarawa na batir na biyu. Kan tarawa da ya rage a na farko shi ke tafiya ga sitata, kan ɗebewa da ya rage a na biyu shi ke tafiya ga jikin mota. Bolt ne ke taruwa, 12 da 12 su zama 24, amma Ah ba ta ƙaruwa. Batura biyu masu 150Ah a jeri suna ba da bolt 24 da 150Ah, ba 300 ba.

Tun da yake wuta ɗaya ce ke ratsa su duka biyun, altaneta ba ta iya bambanta su. In aka haɗa sabo da tsoho, ko babba da ƙarami, bolt 28 ɗin caji ba ya rabuwa daidai tsakaninsu. Ɗaya zai riƙa samun fiye da ƙima yana tafasa yana shanye ruwansa, ɗayan kuma ba ya cika. Cikin 'yan watanni sabon da aka saya sai ya bi tsohon. Shi ya sa in ɗaya ya mutu ake canja duka biyun, a sayo kamfani ɗaya, girma ɗaya, ranar ƙira ɗaya. Tsohon da ke da sauran rai ana iya mayar da shi ga tarakta ko janareta.

Akwai wani kuskure da ya yaɗu ƙwarai, wato jan waya daga batir ɗaya don kunna rediyo ko fanka ko cajin wayar salula masu bolt 12. Batirin da aka ja daga gare shi kullum yana ƙasa da ɗan uwansa, ba ya cika, ɗan uwan kuma yana shan cajin da ya wuce ƙima. Maganin wannan shi ne na'urar rage wuta daga 24 zuwa 12, a haɗa ta da baturan duka biyu, a sa mata fis. Kuɗinta bai kai na batir guda ba.

Haɗin gefe-da-gefe, na mota mai bolt 12

A nan ana haɗa kan tarawa da kan tarawa, kan ɗebewa da kan ɗebewa. Bolt yana nan a 12, Ah ce ke taruwa. Batura biyu masu 100Ah suna zama 200Ah. Wayoyin da ke tsakaninsu su zama kauri ɗaya, tsawo ɗaya. Ya fi kyau a ɗauki wayar sitata daga batir na farko, wayar jikin mota kuma daga na ƙarshe, don kowanne ya ɗauki nauyi daidai. A wannan haɗi ma, batir ɗaya mai rauni yana zuƙe cajin sauran cikin dare.

Matakan sauyawa

1. A kashe inji, a zare makulli, a kashe fitilu, a ja birki. A cire zobe da agogon ƙarfe.
2. A yi wa kowace waya alama ko a ɗauki hoton haɗin kafin a taɓa komai.
3. A fara kwance wayar ɗebewa mai zuwa jikin mota, sannan ta tsakiya, sannan ta tarawa. Dalili shi ne, muddin wayar ɗebewa tana haɗe, sifanar da ta taɓa kan tarawa da jikin mota lokaci guda za ta yi tartsatsi mai narkar da ƙarfe.
4. A goge kawuna da maƙalan wayoyi har su yi haske. Farin garin da ke taruwa a kansu ana wanke shi da ruwan ɗumi da aka jiƙa kanwa, amma kada ko ɗigo ya shiga cikin batir.
5. A zaunar da sababbin, a ɗaure su da ƙarfensu. Girgizar hanyoyin karkara tana kakkaɓe farantan ciki.
6. A haɗa wayar tarawa, sannan ta tsakiya, wayar ɗebewa ita ce ta ƙarshe. A ɗaure da sifana, ba da dukan guduma ko cusa ƙusa ba, a shafa ɗan giris a sama.
7. A tayar da inji a auna. Mota mai bolt 12 ta nuna tsakanin 13.8 da 14.4, mai 24 kuma tsakanin 27.6 da 28.8. In ta gaza haka a duba fambel da altaneta, in ta zarce kuwa na'urar cajin ce ke dafa batir.

Juya kawuna ko na ɗan lokaci yana ƙone altaneta da kwamfutar mota. Haka ma cire wayar batir inji yana aiki. In za a yi walda a jikin mota, a fara kwance baturan.

Idan za a ba mota wuta daga wata, sai mai 24 da mai 24, mai 12 da mai 12. A haɗa kan tarawa da kan tarawa, sannan a ɗauki kan ɗebewa na motar mai lafiya a maƙala a jikin injin wadda ta mutu, nesa da batir. Muna kuma gargaɗi game da tura babbar mota a gangara don ta tashi, domin birkinta na iska ne, in tankin iskar bai cika ba direba ba shi da ikon tsayar da ita yadda ya so.

Kulawa a ƙasa mai zafi

A wajenmu zafi ne ke kashe batir, ba sanyi ba. Daga Maris zuwa Mayu yakan wuce digiri 40, kuma duk ƙarin digiri 10 a kan 25 yana iya rage kusan rabin rayuwar batir. Ga batura masu murfi, a riƙa duba ruwa kowane mako biyu da bazara. Ya rufe farantan da kamar santimita 1 zuwa 1.5. Ruwa ne ke ƙafewa, ba asid ba, saboda haka tataccen ruwan batir kaɗai ake ƙarawa. Ruwan rijiya ko na burtsatse ko na leda yana da gishirin ƙasa mai lalata farantai.

Batirin da aka bari babu caji, wani farin gishiri yakan daskare a farantansa, daga nan ba ya sake karɓar caji sosai. Wannan ne ke cin baturan motocin hukuma da ake ajiyewa a sakatariya wata da watanni. Motar da za ta zauna, a kwance wayar ɗebewarta, a kuma yi wa baturan caji sau ɗaya a wata.

Kiyaye lafiya

Batir yana fitar da iskar haidirojin lokacin caji, wadda ke iya fashewa in ta kai kashi 4 cikin 100 na iskar wuri. Kada a leƙa shi da ashana, kada a sha taba kusa da shi, kada kuma a gwada shi ta hanyar goga waya tsakanin kawunansa. In asid ya shiga ido a wanke da ruwa mai tsabta na aƙalla minti 15, a garzaya asibiti.

Mataccen batir kuwa guba ne. Ba mu manta da yadda gubar dalma daga aikin zinariya ta hallaka yara fiye da 400 a Jihar Zamfara a 2010 ba. A wajen birnin Dakar na ƙasar Senegal, yara 18 sun rasu tsakanin 2007 da 2008 sakamakon fasa tsofaffin batura a cikin unguwa. Kada a fasa batir a gida, kada a zubar da ruwansa kusa da rijiya ko gona, kada a bar shi inda yara ke wasa. A mayar da shi ga dillalin da ke karɓar tsoho.

Kira ga jami'ai da shugabanni

Muna ba sassan ayyuka na ƙananan hukumomi shawara su buɗe littafi ga kowace mota, a rubuta girman baturanta da ranar saye da abin da mita ta nuna duk wata. A rubuta ranar da lambar motar da fenti a jikin kowane batir, wannan yana hana musanya. A riƙa auna kowanne shi kaɗai, in bambancin tagwayen ya wuce bolt 0.2 bayan sun huta a kai su wurin mai gyaran wutar mota. A kasafin kuɗi kuma a riƙa sa batura biyu-biyu.

Muna kuma roƙon hakimai da dagatai da masu unguwanni da shugabannin tashoshin mota su isar da wannan bayani ga jama'arsu, musamman kafin saukar damina da kuma gabanin kaka, lokacin da ake matuƙar bukatar motocin. Allah ya kiyaye hanya, ya tsare mana dukiyoyinmu.