Ko Kun Sani?

Kotun Ɗaukaka Ƙara, wadda reshenta na Sakkwato ke sauraren ƙararrakin jihohin Sakkwato, Kebbi da Zamfara, an kafa ta ne a 1976. Mutum na biyu da ya shugabance ta Bakatsine ne, Mai Shari'a Mamman Nasir. Ya karanci lauya a Landan, ya riƙe Ministan Shari'a na Jihar Arewa zamanin Sardauna, sannan ya zama alƙalin Kotun Ƙoli a 1975. Daga 1978 ya jagoranci Kotun Ɗaukaka Ƙara har 1992, shekarar da aka naɗa shi Galadiman Katsina, Hakimin Malumfashi. Ya rasu a 2019. Allah Ya jiƙansa.