Allurar Barci: Me Ya Sa Ake Hana Ka Ko Fura Kafin Tiyata?

Ga taƙaitaccen abin da muka tattauna a filinmu na lafiya, kan tambayar da kuka yi ta aiko mana: wai gaskiya ne wanda aka yi wa allurar barci ba lalle ya farka ba? Wannan tsoro ya sa wani yana fama da ƙaba ko gwaiwa shekara da shekaru bai je asibiti ba. Ya sa wani ya ƙi sa hannu a yi wa matarsa aiki alhali naƙuda ta yi tsawo. To, bari mu bi maganar daki-daki.

Da can, in za a yanke wa mutum ƙafa, ƙarti ne ke danne shi. Sai ranar 16 ga Oktoba, 1846, a birnin Boston na Amurka, wani likitan haƙori mai suna William Morton ya shaƙa wa majiyyaci sinadarin ita, aka yi masa aiki a wuya a gaban jama'a bai ji zafin wuƙa ba. Tun daga nan masana ke bin diddigin abin da ke kashe mutum a ɗakin tiyata, suna toshe ƙofofin ɗaya bayan ɗaya.

Ƙofa ta farko ita ce ciki. Kai makiyayi ka san in saniya ta kwanta ba daidai ba, abin cikinta kan dawo ya shaƙe ta. Haka mutum yake. In barcin allura ya ɗauke ka, ba ka iya tari, ba ka iya haɗiya. Abin da ke cikinka yana iya tasowa ya faɗa huhu, ruwan ciki kuwa ƙona huhu yake yi. A 1946 Dakta Curtis Mendelson na birnin New York ya duba bayanan haihuwa sama da 44,000, ya samu mata 66 da hakan ta faru da su. Daga irin wannan bincike aka samo ƙa'idar yau: a bar abinci awa 6 kafin aiki, ruwa zalla kuma awa 2. Ka lura, fura da nono da kunu da shayi mai madara duk abinci ne a wannan lissafi. Kada tausayi ya sa ki ɓoye wa maigida kwanon fura a ƙarƙashin gado. In kuwa aikin gaggawa ne, kada a tsaya jira a gida, a tafi, a faɗa wa likita lokacin da aka ci abinci na ƙarshe.

Sannan ba kowane aiki ake sa mutum barci ba. Akwai allurar baya, wadda likitan Jamus August Bier ya fara gwadawa a 1898. Ita daga cibiya zuwa ƙasa take kashewa na 'yan awanni, idonka biyu, kana numfashi da kanka. Da ita ake yin yawancin aikin ciro jariri da na ƙaba, uwa har kukan ɗanta na farko takan ji. Ƙafa takan yi nauyi, amma tana dawowa in maganin ya sake. Wasu kan yi ciwon kai bayanta, shi ya sa yanzu ake amfani da siririyar allura, don bincike ya nuna ta fi rage shi.

Akwai kuma ketamin, wanda aka haɗa a 1962. Likitocin dabbobi ma suna aiki da shi. Asibitocin karkara sun dogara da shi sosai, saboda bai cika danne numfashi ko kayar da ƙarfin jini ba, ga shi ana iya yin sa a tsoka. Illarsa, mutum kan farka yana sambatu ko gane-gane. In ka ga ɗan'uwanka haka, ba iska ba ce, magani ne, zai wuce.

Ƙofa ta biyu ita ce numfashi. In an kai ka ɗakin aiki, za ka ga an maƙala maka wata 'yar na'ura a yatsa tana ƙara ɗil-ɗil. Tana auna iskar oksijin da ke cikin jininka, ta yi kururuwa tun kafin ido ya ga matsala. Ki goge jan farce kafin ranar aiki, don yana iya rikita ta.

A 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito da takardar tambayoyi da ake karantawa kafin a taɓa majiyyaci: sunansa, wane aiki, wane ɓangare, ko akwai maganin da jikinsa ba ya so. An gwada ta a asibitoci 8, har da ɗaya a Tanzaniya. Mace-mace suka sauko daga 15 zuwa 8 a cikin kowane mutum 1,000. Saboda haka in an tambaye ka sunanka sau uku, kada ka ji haushi.

Amma fa ba za mu ɓoye muku ba, da sauran aiki a nahiyarmu. Wani babban bincike da aka wallafa a 2018, kan majiyyata sama da 11,000 a ƙasashen Afirka 25, ya nuna haɗarin mutuwa bayan tiyata ya ninka na sauran duniya sau biyu. Abin lura, yawancinsu ba a kan teburin aiki suka rasu ba, a kwanakin da suka biyo baya ne, a ɗakin jinya. Ke nan mai jinya yana da babban aiki. In ka ga numfashi ya canza, ko jini na zuba, ko mutum ya ƙi farkawa sosai, ko zazzaɓi ya taso, kira ma'aikaci nan take. Kada kuma ka matsa a sallame ka don gobe kasuwar Jibiya ko Maigatari ke ci.

Saura naka. Ranar wanka ba a ɓoye cibiya. In kana shan taramol don doguwar tafiya ko ɗaukar kaya, faɗa wa mai allurar, shi ba jami'in kwastan ba ne, so yake ya san awon da zai ba ka. Faɗi jiƙo da sassaƙen da kake sha. Faɗi in kana da sikila, asma, hawan jini ko ciwon suga, ko in wani a danginku ya taɓa samun matsala da allurar barci. In an taɓa yi maka aiki a Maraɗi, yanzu kuma a Katsina za a yi, riƙo takardunka ko da Faransanci aka rubuta su.

Rai a hannun Allah yake, amma Shi ya ce a nemi magani. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya tsare dukiyarku a hanya. Sai mun haɗu a shiri na gaba.