Jijiyar da Ta Ɗaga Tsiro Daga Ƙasa

Yau daga Sabo a Ibadan muke zuwa muku, unguwar da Hausawa suka kafa tun 1916, inda goro ya daɗe yana riƙe da gidaje.

Duk wanda ke kusa da huhun goro, ya zaro ganye ɗaya cikin waɗanda aka lulluɓe shi da su, ya ɗaga wa rana. Kun ga jijiyoyin nan da suka ratsa shi? Ta wasunsu ruwa ke hawa daga saiwa, ta wasu kuma abincin da ganye ya sarrafa ke sauka. To ku dubi gansakukar da damina ke shimfiɗawa a jikin katangun Sabo da unguwar Mokola. Ita ba ta da irin wannan jijiya, shi ya sa ba ta tashi sama, kuma da hunturu ya busa sai ta ƙeƙashe.

Masana sun ce shekaru kusan miliyan 430 da suka wuce, doron ƙasa ba itace ko ɗaya. A lokacin ne wani ɗan tsiro ya bayyana a wurare masu dausayi, tsawonsa bai wuce tsinken ashana da yawa ba. Ba ganye, ba saiwa, ba fure. Kara ne siriri da ya rabu biyu, a kan kowane reshe da 'yar jakar ƙurar haihuwa da iska ke kwasa. William Lang ne ya bayyana shi a 1937 daga duwatsun Ingila da Wales a Birtaniya, ya raɗa masa suna Cooksonia don girmama abokiyar aikinsa Isabel Cookson, 'yar Ostireliya. Sai a 1992 Dianne Edwards da abokan bincikenta suka nuna cewa lallai akwai jijiyar ruwa a cikin karan nan. Abin da ke ba ni mamaki ke nan: jijiyar da ke kai ruwa ita ce kuma ke ƙarfafa kara ya tsaya da kansa ya nemi rana.

Akwai dangin zamanin da ke kusa da mu. Ku leƙa lambun tsirrai na Jami'ar Ibadan, ko ku dubi jikin kwakwar manja, za ku ga wani tsiro mai ganye tsaga-tsaga ya maƙale. Ku juya bayan ganyen, akwai ɗigo-ɗigo ruwan ƙasa. Har yau da ƙurar nan yake yaɗuwa, bai san iri ba, amma jijiyarsa cikakkiya ce.

Zuriyar masu jijiya ta yi ta tsawo har ta zama dazuzzukan fadama. Gawayin da kamfanin Sonichar ke haƙowa a Anu Araren, arewa da Agadas a Nijar, ragowar irin dazukan nan ne na sama da shekara miliyan 300, kuma da shi ake ba Agadas da Arlit wutar lantarki.