PEUGEOT 504: MOTAR DA TA CI TSEREN AFIRKA, TA KUMA YI WA POTISKUM DAKO

Garin Potiskum, a Jihar Yobe, mahaɗar hanyoyi ne. Hanyar da ta taso daga Kano ta bi ta Azare, da wadda ta taso daga Jos ta bi ta Bauci, duk a nan suke ɓullowa, sa'an nan su miƙe gabas zuwa Damaturu da Maiduguri. Wata kuma ta yi arewa zuwa Gashuwa, wata ta yi kudu ta Fika zuwa Gombe. Ga babbar kasuwar shanu wadda ta yi suna a Afirka ta Yamma, ga kasuwar hatsi, ga kuma manyan motocin dako waɗanda mutanen garin suka shahara da mallakarsu. Saboda haka ba a yi wa mutumin Potiskum burga da ƙyallin fenti. In aka kawo masa mota, abin da yake tambaya shi ne, za ta kai ta kuma komo lafiya?

Daga tsakiyar shekarun 1970 har zuwa farkon wannan ƙarni, ƙaramar motar da ta fi amsa wannan tambaya a tashoshin ƙasar nan ita ce Peugeot 504, wadda jama'a suke kira Fijo. Amma da yawa daga cikin waɗanda ta yi shekaru tana ɗauka ba su san cewa ta taɓa kayar da motocin tsere masu tsada, a gasa mafi wuya ta wancan zamani, ba. Abin da ya ba ta nasara a can kuwa shi ne ya sa ta daɗe a nan.

YADDA AKA ƘERA TA

A shekarar 1968 ne kamfanin Peugeot na ƙasar Faransa ya fito da 504 daga masana'antarsa ta garin Sochaux, bayan kamfanin Pininfarina na Italiya ya zana surarta. A 1969 aka zaɓe ta gwarzuwar motar shekara ta Turai. Injinta na farko mai silinda 4 ne, lita 1.8, daga 1970 kuma aka ƙara shi ya zama lita 2. Ƙarfin wadda take da kafireta bai kai na doki 100 ba. Watau dai ba don gudun fitar hankali aka yi ta ba.

Hikimar tana ƙarƙashin motar. Da fari, an ba sifirin da shokazoba doguwar tazara ta sama da ƙasa, yadda in taya ta faɗa rami, ko ta hau gargada, za ta yi ta aikinta ba tare da bodin ya sha dukan ba. Kamfanin kuwa da kansa yake ƙera shokazobarsa, bai bar wa wani wannan aiki ba. Na biyu, farfelar da take kai ƙarfin inji zuwa tayoyin baya an sa ta ne cikin wani bututun ƙarfe mai kauri, wanda ya haɗa giyabos da aksil na baya, saboda haka dutse da yashi da laka ba su taɓa ta. Na uku, cikinta ya ɗaga daga ƙasa sosai. Na huɗu, kowace silinda tana da silif nata wanda ake zarewa a sa sabo, don haka in inji ya gaji, makanike zai sauke shi a gindin bishiya, ya sake silif da fistan da ringi, mota ta tashi kamar ba ta taɓa ciwo ba.

Ita kuma doguwar, watau wagon mai layin kujeru uku wadda direbobin haya suka fi so, an yi mata aksil na baya guda ɗaya mai ƙarfi, da sifirin nannaɗaɗɗu 4, biyu a kowane gefe. Wannan ne ya sa take ɗaukar fasinja da buhunan kayansu daga Kano zuwa Potiskum ba ta durƙusa ba. Akwai kuma akori-kura, mai sifirin na falle-falle, wadda ta zama jakar kasuwannin ƙauye.

GASAR DA TAKE CIN MOTOCI

Gasar da ta fito da sunan Peugeot a Afirka ita ce ta Safari, wadda aka fara a 1953 a Afirka ta Gabas don bikin naɗin Sarauniya Elizabeth ta Biyu ta Ingila. Ba a filin da aka kewaye ake yinta ba. A wancan zamani akan saki motoci ne ɗaya bayan ɗaya, su bi hanyoyin burji da na daji kwana da kwanaki, dare da rana, kowane zango da lokacin da aka yanka masa. Wanda ya makara sai a rubuta masa laifi bisa ga yawan mintocin da ya ƙara, wanda laifinsa ya fi kaɗan a ƙarshe shi ne zakara. A kowace mota akwai mutum biyu, direba da mai karanta masa hanya. A lokacin ana yin gasar ne lokacin bikin Ista, sa'ad da ruwan sama yake sauka a Kenya, saboda haka in ba ƙura ta makantar da direba ba, to, laka za ta riƙe shi.

Yayar 504, watau Peugeot 404, ta ci wannan gasa sau 4, a 1963 da 1966 da 1967 da 1968. A 1963 da 1968 motoci 7 kacal suka kai ƙarshe. Wannan kaɗai ya isa ya nuna wa mai karatu irin gasar da ake magana.

A ƙarshen watan Maris na 1975 aka yi karon da har yanzu masana tseren mota suke tunawa. Kamfanin Lancia na Italiya ya zo da motarsa Stratos, wadda tun daga zane don tsere aka yi ta, mai kujera biyu, da injin Ferrari mai silinda 6 a bayan direba. Ita ce ta ci wa Lancia gasar duniya shekara uku a jere, 1974 da 1975 da 1976. Peugeot kuwa ya zo da 504 mai ƙofa huɗu, wadda aka ƙara wa inji ƙarfi, aka ɗaure mata ciki da faranti, aka sa mata shingen ƙarfe don kare mutanen ciki. Tafiyar ta kusan kilomita 6,000 ce. Da aka kai ƙarshe a Nairobi, sai ga Ove Andersson ɗan ƙasar Suwidin, da abokinsa Arne Hertz, a kan gaba cikin 504. Sandro Munari ya zo na biyu, Björn Waldegård na uku, dukansu cikin Stratos. Duk da saurinta, Stratos ba ta taɓa cin Safari ba har aka daina tsere da ita.

Dalilin a fili yake. A hanya mai kyau Stratos takan bar 504 a baya, amma duk mintin da ta samu da gudu takan mayar da shi wajen gyara. A doguwar tafiya, motar da ba ta tsaya ba ta fi motar da ta fi gudu. Hausawa sun riga sun faɗa, sauri ya haifi nawa.

A wannan shekara ta 1975 ɗin, 504 ta kuma ci gasar Maroko a hannun Hannu Mikkola ɗan ƙasar Finlan, wanda wani Bafaranshe mai suna Jean Todt yake karanta wa hanya, ta kuma ci gasar Bandama ta ƙasar Kodebuwa a hannun Bernard Consten. Manyan gasannin Afirka uku ke nan cikin shekara guda. A 1976 Jean-Pierre Nicolas ya sake cin ta Maroko da ita.

Daga nan sai kamfanin ya shigo da wadda ta fi dukansu ƙarfi, watau 504 mai ƙofa biyu, da inji mai silinda 6, lita 2.7, wanda Peugeot da Renault da Volvo suka haɗa kai suka ƙera. A shirinta na tsere ƙarfinta ya haura na doki 200. Timo Mäkinen ya ci Bandama da ita a 1976. A 1978 kuma Nicolas ya ci Safari da ita, ya bar Porsche 911 ta Vic Preston ƙarami a matsayi na biyu, sa'an nan ya ƙara da cin Bandama a wannan shekara.

DAGA HAMADA ZUWA LE MANS

Darasin da kamfanin ya koya a Afirka bai tsaya nan ba. Jean Todt, wanda ya sha ƙurar Maroko cikin 504, shi aka naɗa shugaban sashen tsere na Peugeot. A ƙarƙashinsa motocin 205 da 405 suka ci gasar Faris zuwa Dakar shekara huɗu a jere, daga 1987 zuwa 1990, gasar da a wancan zamani take ratsa hamadar Tenere ta bi ta Agadas a Jamhuriyar Nijar.

Bayan haka sai ya juya ga tseren awa 24 na garin Le Mans a Faransa, wanda aka fara a 1923. A nan direbobi uku suke karɓa-karɓa da mota ɗaya, daga yammacin Asabar zuwa yammacin Lahadi, wadda ta fi cin nisa ita ce ta ci. Motar da aka ƙera domin wannan ita ce Peugeot 905, mai inji silinda 10, lita 3.5, da gangar jiki ta zaren kabon, mai sauƙin nauyi da ƙarfin gaske, wadda kamfanin jiragen sama na Dassault ya taimaka wajen ƙerawa. Ta ci a 1992. A 1993 kuwa motocin 905 uku ne suka zo na ɗaya da na biyu da na uku, ta farkon ta ci kilomita 5,100 cikin yini da kwana ɗaya, kamar a ce mota ta yi tafiyar Kano zuwa Maiduguri har sau takwas da ɗoriya. A 2009 kamfanin ya sake ci da 908, mai shan man dizal. Ko da yake waɗannan ba su yi kama da 504 ko kusa ba, sharaɗin ɗaya ne: sai wadda ta jure take ganin tutar ƙarshe.

TA ZAMA 'YAR KADUNA

A watan da 504 ta ci Safari, watau Maris na 1975, a cikinsa ne Janar Yakubu Gowon ya buɗe masana'antar harhaɗa motoci ta Peugeot Automobile Nigeria a Kakuri, Kaduna, wadda aka kafa kamfaninta tun 1972. Shekaru da dama ta jirgin sama ake kawo sassan motocin daga birnin Lyon zuwa filin jirgin sama na Kano, sa'an nan a kai su Kaduna. Gwamnatin soja ta Janar Olusegun Obasanjo, cikin shirinta na rage facaka, ta mai da 504 motar manyan ma'aikatan gwamnati. Ta haka ta zama motar babban sakatare da ta ɗan kasuwa da ta direban haya baki ɗaya, kayan gyaranta kuma suka wadata a kowane gari, daga Sakkwato har Potiskum.

A Turai an daina ƙera ta a 1983, bayan an yi fiye da miliyan 3. Kenya ta ci gaba da harhaɗa ta zuwa 2004. Kaduna kuwa ba ta daina ba sai 2006, bayan ta fitar da fiye da 400,000.

Amma tun kafin nan masana'antar ta fara rauni. Shirin gyaran tattalin arziki na 1986 ya karya darajar Naira, sassan da ake sayowa daga waje suka yi tsada, sabuwar mota ta gagari ma'aikaci. Sai motocin gwanjo, waɗanda ake kira 'yan Kwatano, suka cika kasuwa. Masana'antun Steyr a Bauci, da Fiat a Kano, da Volkswagen a Ikko, da Leyland a Badun, duk wannan guguwa ta kaɗa su. An sayar da hannun jarin gwamnati a masana'antar Kaduna a 2006, hukumar AMCON ta karɓe ta a 2012 saboda bashi. A 2022 wani sabon kamfani, Dangote Peugeot Automobiles Nigeria, ya fara harhaɗa motocin Peugeot a wata sabuwar masana'anta a kan hanyar Kaduna zuwa Abuja.

ABIN DA YA RAGE A KOYA

Motocin da suka gaji 504 a tashoshi, irin su Golf da Sharan, sun fi ta sauƙin shan mai, amma don titunan Turai aka ƙera su, sai da suka tsufa a can kuma suka iso nan. Cikinsu a ƙasa yake, kuma yawancin na zamani ba su gyaruwa sai da kwamfuta. Mai hatsin da yake ƙauye nesa da kwalta, da matar da naƙuda ta kama da damina, su ne suka fi sanin bambancin.

Ga direbobi kuma akwai abin lura. Waɗanda suka ci Safari sun ɗaura bel, ga shingen ƙarfe kewaye da su, ga makanikai suna jiransu a kowane zango, kuma mutum biyu ne kawai a motar. Duk da haka da lallaɓa mota suka ci. Direban da ya cika mota da bayin Allah a hanyar Potiskum zuwa Damaturu, ya taka totur har ƙasa, ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan.

Ga hukuma da masu masana'antu kuwa, tarihin 504 ya nuna cewa motar da aka gwada a hanyar Afirka, aka harhaɗa a gida, aka wadata kayan gyaranta, takan yi wa jama'a aiki shekara 30. Masu basira ba su yi ƙaranci ba: Jelani Aliyu, ɗan asalin Sakkwato, shi ya zana surar motar Chevrolet Volt a Amurka, ya kuma shugabanci hukumar bunƙasa ƙera motoci ta Nijeriya daga 2017 zuwa 2023. Duk wanda yake nufin ƙera wa ƙasar nan mota, ya kamata kafin ya kai ta kasuwa ya loda mata kaya, ya bi da ita hanyoyin ƙauyukan Fika da Nangere da tsakiyar damina, sa'an nan ya saurari abin da makanikan Potiskum za su ce.